Tsadar Allon Zamani: Kukan Gaskiya Ne?

Makon jiya wata ɗalibata ta zo mini ranta a ɓace. Wai ta roƙi yayanta ya sayo mata allon nan na zamani, watau kwamfutar da ake kira tabulet, da ya ji kuɗin sai ya ce masu yin ta ba su da tsoron Allah. To, bari mu duba ko yana da gaskiya.

Mu ɗauki iPad Pro na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2024. Mai inci 13, kuɗinsa a Amurka ya fara daga dala 1,299. Amma in kika ce a cika miki shi, watau a faɗaɗa rumbun ajiyarsa har terabait 2, a sa masa abin kama layin waya da gilashi marar ƙyalli, sai ya kai dala 2,599. Alƙalaminsa da abin buga rubutu kuwa kuɗinsu dabam. A canjin shekarar, allon kaɗai ya doshi naira miliyan 4, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne. Dole mutum ya riƙe baki!

Amma fa wani kukan ba shi da tushe. Wadda ta je sayen atamfa ta taya leshi, ai ba ta zagi mai kanti ba. An yi wannan babban allo ne domin masu haɗa fim da masu zane, waɗanda da shi suke neman abinci. Ƙaramin iPad, wanda aka sayar dala 349 a shekarar, ya ishe ki karatu da aikin makaranta. Sa'an nan faɗuwar naira tun 2023 ba laifin kamfani ba ne.

Inda na goyi bayan masu kuka shi ne wajen rumbun ajiya. Daga gigabait 256 zuwa terabait 2, ƙarin dala 1,000 cur aka nema, alhali rumbu irin na jonawa daga waje mai wannan girma bai kai rabin haka ba. Kuma allon ba shi da wurin sa katin ajiya, ba a kuma iya ƙara masa bayan an saya. Gilashin nan marar ƙyalli ma, ba a ba ki shi sai kin sayi mai terabait 1 ko 2. Kin ga an sa ki sayen abin da ba ki so, don ki sami wanda kike so. Wannan kam ba daidai ba ne.

Ita ɗalibar tawa na tambaye ta me za ta yi da shi. Ta ce karanta littattafai da kallon darasi. Na ce ta koma wurin yayan nata da ladabi, ta nemi ƙarami, in so samu ne mai wurin sa kati, kamar yadda yawancin na Samsung suke da shi.