Da'irar Rusairis da takardar kakana

A cikin akwatin ƙarfen da muka tsira da shi daga Rusairis a watan Yulin 2022 akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa: jinsiyyar kakana, Allah ya jiƙansa. Yakan ɗaga ta ya ce, "Jikana, wannan zaɓe ne ya ba ni ita." Sai da na girma na gane nufinsa.

Da'ira, haka muke kiran mazaɓa a nan Sudan. Lokacin zaɓen farko na 1953, wanda jam'iyyar Isma'il Azhari ta cinye, tsoho na noman dawa da kamun kifi a bakin kogi, ko kusa da akwatin ƙuri'a bai je ba. Doka ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda kakanninsa ke zaune a Sudan tun kafin 1898. Mu kuwa da yawanmu sai bayan yaƙin Burmi na 1903 muka biyo hanyar hajji, muka yada zango a Mai Wurno da ƙauyukan bakin Nilu. 'Yan shekarun nan kaɗai sun isa a ce wa mutum baƙo, ko da a nan aka binne cibiyarsa.

To amma ɗan takara kai yake ƙirgawa. Tsoho ya ce da zaɓe ya matso sai ka ga mota ta tsaya a ƙofar shehun ƙauye, a sha shayi, a rubuta sunayen marasa takarda. 'Yan Hizbul Umma sukan tuna wa dattawanmu Ansaru zumuncin Mahadiyya. Ta haka ya samu tasa gab da zaɓen 1968, gemu ya riga ya yi furfura. Ya jefa ƙuri'a, shekara na zagayowa Numairi ya rushe majalisar, kamar yadda Janar Abbud ya yi wa ta 1958. Ta 1986 ma Bashir ya kore ta a watan Yunin 1989.

Ita kanta Rusairis girmanta ya ƙetare kogi. Bayan gama madatsar ruwa a 1966 Damazin ta bunƙasa, da aka kafa jihar Nilul Azraƙ a 1994 kuma ita ta zama babban birni.

Ni a watan Afrilun 2010 na fara jefa ƙuri'a. Lokacin doka ta sassauta, wanda zuriyarsa ke nan tun 1956 ɗan ƙasa ne. Mun yi layi cikin rana, har da mahaifiyata. Malik Agar na SPLM ya ci kujerar gwamna, amma a Satumban 2011 yaƙi ya ɓarke a Damazin, aka tsige shi. Tun da aka rushe majalisa a Afrilun 2019 kuwa, ba mu da da'ira, ba mu da wakili.

Shi ya sa, a ganina, da Hausawa suka nemi sarautarsu ta gargajiya a 2022, babu zauren da za a kai maganar ƙasar noma a yi ta da baki. Aka yi ta da wuta da makami, fiye da mutum 100 suka mutu a watan Yuli kaɗai. Wanda ya cinna wa rumfarmu wuta bai nemi ganin jinsiyyar kowa ba.

Takardar rajistata ta 2010 na nan cikin akwatin, Inna ta naɗe ta a tsumma ɗaya da ta tsoho.