Yadda Za Ka Zaunar Da Linux Kusa Da Windows Ba Tare Da Ka Rasa Fayilolinka Ba

Wata Asabar da dare wani abokina da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ya kira ni daga ɗakinsa a Kalgo, muryarsa na rawa. Ya gwada Ubuntu daga filash, ta burge shi, sai ya ce bari ya ɗora ta a laftof ɗinsa. Da ta gama, ya nemi Windows sama da ƙasa bai gan ta ba. Babi uku na aikinsa na kammala karatu ma sun tafi tare da ita. Washegari na shiga mota daga Gwandu. Mun wuni muna tono da manhajar PhotoRec, hotuna kaɗan muka ceto. Abin da ya taimake shi shi ne wani tsohon kwafi da ya taɓa tura wa kansa ta WhatsApp.

Kuskurensa a shafi ɗaya ya faru, kuma shi nake so ka kiyaye.

Mece ce manhajar gwaji?

Linux babbar manhaja ce kamar Windows, amma kyauta ce. Linus Torvalds ya fara ta a 1991, kuma a kan ginshiƙinta aka gina Android ɗin wayarka. Tun wajen shekarar 2000 Knoppix, ta Klaus Knopper na Jamus, ta yaɗa dabarar tayar da kwamfuta kai tsaye daga faifan CD ba tare da an taɓa rumbun ajiyarta ba. Yau filash ta maye gurbin faifan. Amma duk abin da ka yi a cikin gwajin yakan goge da zarar ka kashe kwamfutar, shi ya sa mai son koyon rubuta manhaja da gaske sai ya ba ta mazauni a rumbun.

Akwai wani dalilin kuma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wanda tsofaffin laftof na hannu da muke saye ba duka ke da shi ba. Linux Mint mai Xfce tana tashi ko da RAM 2GB, ko da yake 4GB ya fi daɗin aiki.

Kafin ka fara

Da farko kwafe duk fayilolinka zuwa wata filash ko wayarka, sannan ka buɗe su ka tabbatar sun shiga.

Sai maganar wuta. Mu nan Gwandu mun san yadda take zuwa ta tafi ba sallama. Idan kwamfuta ta mutu ana tsaka da yanka rumbu, komai na iya lalacewa. In batirinka ba ya riƙe caji, nemi wurin da ke da sola ko janareto.

Bayan haka sauke fayil ɗin ISO daga shafin Linux Mint ko Ubuntu na asali. Na Mint ya kusa 3GB, saboda haka datar dare ta fi sauƙi. Rubuta shi a filash mai 8GB da Rufus. In waya kawai ke hannunka, EtchDroid na yin wannan aikin da igiyar OTG.

A cikin Windows, kashe Fast Startup. In BitLocker na kunne, adana lambar cetonsa a wani wuri sannan ka kashe shi. Daga nan buɗe Disk Management, zaɓi C, danna Shrink Volume, ka ware aƙalla 30GB. Bar wurin fili, kada ka yi masa komai.

Shafin da ake yin kuskure

Sa filash, kunna kwamfuta kana danna F9 in HP ce, ko F12 in Dell ce ko Lenovo. In Windows ɗinka a tsarin UEFI take, zaɓi sunan filash ɗin da ke ɗauke da UEFI, domin in tsarin ya saɓa, manhajojin biyu ba za su ga juna ba. Gwada Wi-Fi, sauti da madannai tukuna, sannan ka danna Install.

Za ka iso shafin da ke tambayar yadda za a yi da rumbu. Zaɓin Erase disk yana share komai, har da Windows. Shi abokina ya danna. Naka shi ne wanda ya ce Install alongside Windows. In ba ka ga wannan zaɓin ba, dakata, ka rufe shirin. Alama ce manhajar ba ta hango Windows ba, kuma galibi Fast Startup ne ko saɓanin UEFI. Gaggawa aikin shaiɗan ce, koma ka gyara.

Bayan an gama

Cire filash ka sake kunnawa. Wani baƙin allo mai suna GRUB zai fito ya tambaye ka wacce za ka shiga. In Windows ba ta cikin jerin, shiga Linux, buɗe Terminal ka rubuta sudo update-grub.

Wataƙila kuma ka ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya. Linux na ajiye lokaci a ma'aunin UTC, Najeriya kuma tana gabansa da awa ɗaya. Kada ya sa ka makara sallah ko jarrabawa, rubuta timedatectl set-local-rtc 1 a Terminal.

Abokina yanzu yana amfani da duka biyun, Windows don Word, Linux don koyon Python. Duk Juma'a kuma sai ya kwafe aikinsa zuwa filash.