FASHIN BAƘI: Me ya sa waƙar ɗan takarar da ba ka so take maƙale maka a kai?

Duk wanda ya hau Adaidaita Sahu a Kano a watannin da suka gabaci zaɓen 2023 ya san wannan hali. Direba ya ƙure sautin waƙar wani ɗan takara, kai kuwa tuni ka yanke shawarar cewa ko shi kaɗai ne a takardar ƙuri'a ba za ka dangwala masa ba. Ka sha kunu har aka sauke ka. Can da dare kana zaune kana jiran a kawo wuta, sai ka tsinci bakinka yana maimaita amshin waƙar nan. Wani dariya zai yi wa kansa, wani kuwa har da istigifari.

Abin ya fi ƙarfin raha, domin 'yan siyasa suna kashe maƙudan kuɗi a kan mawaƙa, hukumomi suna kama su, jama'a kuma sun taɓa cinna wa gidan mawaƙi wuta. Dukkansu sun yi imani cewa waƙa tana juya zuciya. Abin tambaya shi ne, ta wace hanya take juya ta, kuma ina iyakarta?

Kunne ba ya tambayar jam'iyya

Turawa suna kiran waƙar da ta maƙale a kai "tsutsar kunne", sunan da suka aro daga Jamusanci. Abin da ke haddasa ta ba boyayye ba ne: gajeren kari mai sauƙin rerawa, wanda aka yi ta maimaitawa. Wanda ya san tsarin waƙar Hausa zai ga kamar don wannan aka gina ta. Jagora ya kawo ɗa, 'yan amshi su karɓa da gindin waƙa, ya sake kawo wani, su sake komawa kan gindin. A waƙar minti goma sai ka ji amshi ɗaya sau ashirin ko fiye. Haka Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi a fada da kotso, haka Shata ya yi da kalangu, haka kuma mawaƙan situdiyo ke yi yau da fiyano.

Maimaici kuwa yana da aikin da yake yi wa ɗan Adam ba da saninsa ba. A 1968 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Robert Zajonc, ya nuna cewa yawan cin karo da abu kawai, ko da kalma ce marar ma'ana ko fuskar baƙo, yana sa mutum ya fara jin daɗinsa. A 1977 wasu masana uku, Hasher da Goldstein da Toppino, suka gano abin da ya fi wannan tayar da hankali: maganar da aka maimaita wa mutum ya fi ɗaukar ta gaskiya, ko da ƙarya ce. Wani bincike na shekarar 2000 ya ƙara da cewa zancen da ke da amsa-amo ya fi kama da gaskiya a kunnen mai ji, idan aka kwatanta shi da zance mai ma'ana iri ɗaya wanda ba shi da amsa-amon.

A nan ne zambo da habaici suka sami ƙarfinsu. Mawaƙi ba ya buƙatar ya kawo hujja cewa abokin hamayya ɓarawo ne ko matsoraci. Ya isa ya laƙaba masa suna mai daɗin faɗa, ya ɗora shi a kan kiɗa. Bayan wata guda yaran unguwa da ba su san ofishin da mutumin yake nema ba sun haddace sunan. Dauda Kahutu Rarara ya yi fice a wannan fanni, kuma akwai manyan 'yan siyasar Arewa da har yau ba su rabu da laƙabin da ya manna musu ba.

Ba sabon abu ba ne. Tun bayan kafa NEPU a 1950, ita da NPC sun yi ta gwabzawa da waƙa kamar yadda suke yi a kan mumbari. Gambo Hawaja ya yi wa NEPU. Sa'adu Zungur ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da "Arewa Jumhuriya Kawai". Abin da ya canza shi ne saurin yaɗuwa. A da sai ka je taro ko ka sami takardar waƙar a hannu. Yau mai tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre zai cika maka waya cikin 'yan mintoci, sauran aikin kuma WhatsApp da TikTok su ƙarasa.

To, waƙa tana cin zaɓe?

A nan sai an yi taka-tsantsan, domin haddace waƙa daban, sauya ƙuri'a daban. A 2018 wasu masana kimiyyar siyasa biyu, Joshua Kalla da David Broockman, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje 49 da aka yi a Amurka, suka tarar cewa tallace-tallace da tuntuɓar masu zaɓe a babban zaɓe kusan ba sa sauya wanda mutum zai zaɓa. Amurka ba Nijeriya ba ce, gaskiya, amma muna da misalinmu na gida. Waƙar "Jagaba Shi Ne Gaba" ta cika Kano a 2023, har waɗanda ba sa tafiyar suna rera ta. Da aka ƙirga ƙuri'un shugaban ƙasa a jihar, Rabi'u Musa Kwankwaso ya tashi da kusan miliyan ɗaya, Bola Tinubu kuwa dubu 500 da 'yan kai.

Idan haka ne, me 'yan siyasa ke saye da kuɗinsu? Amsa mafi gamsarwa da na sani ta fito ne daga Ruwanda, kuma ba a kan waƙa ba ma. Bayan kisan ƙare-dangi na 1994 an ƙirƙiri wani wasan kwaikwayo na rediyo, Musekeweya, don sasanta al'umma. Wata mai bincike, Elizabeth Levy Paluck, ta bi masu sauraronsa tsawon shekara guda, ta wallafa sakamakon a 2009. Ta tarar wasan bai sauya abin da mutane suka yi imani da shi a zuciyarsu ba sosai. Abin da ya sauya shi ne tunaninsu game da abin da sauran jama'a ke ɗauka daidai ne, kuma halayensu suka bi wannan.

A ganina wannan shi ne ainihin aikin waƙar siyasa. Ba ta shawo kanka cewa ɗan takara nagari ne. Tana faɗa maka cewa mutanensa suna da yawa. Ka ji ta a shagon aski, ka ji ta wajen mai shayi, ka ji ta a gidan biki, sai ka fara ɗauka gari ya gama yanke hukunci. Wanda yake tare da su ya ƙara ƙarfin gwiwa, wanda ba ya tare da su ya rage murya a majalisa. Mai shakka kuwa, wanda ba ya son ƙuri'arsa ta tafi a banza, shi ne abin farauta. Saboda haka waƙar da ka sa a matsayin ƙarar kiran wayarka, tamkar jar hula ce ko hoton tsintsiya a jikin mota: sanarwa ce ga na kusa da kai.

Shi ya sa fushin da ake yi wa ɗan siyasa kan sauka a kan mawaƙinsa. Da aka bayyana Abba Kabir Yusuf a matsayin wanda ya lashe zaɓen gwamnan Kano a watan Maris na 2023, wasu gungun matasa sun afka wa gidan Rarara suka cinna wuta. Mawaƙin bai tsaya takara ba, amma muryarsa ce ta yi watanni tana shiga ɗakunan mutane ba sallama.

Mutanen da muka sani, ba su san mu ba

Talabijin yana bi ta wata ƙofa ce daban. A 1956 Donald Horton da Richard Wohl suka bayyana irin alaƙar da mai kallo ke ƙullawa da wanda yake gani a allo: alaƙa ce ta ɓangare ɗaya, amma zuciya tana ɗaukar ta kamar ta gaske. Wanda ya ga yadda Arewa ta yi juyayin rasuwar Rabilu Musa Ibro a watan Disamba na 2014 ba ya buƙatar ƙarin bayani. Mutanen da ba su taɓa musabaha da shi ba sun ji kamar an yi musu mutuwa a gida. Haka nan da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira, aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, masu kallo sun yi ta muhawara a Facebook kamar an sauya musu amarya a daren kai ta.

Wanda ya fi shafar mai bin siyasa shi ne Kwana Casa'in na tashar Arewa24. Jihar Alfawa babu ita a taswira, Gwamna Bawa Maikada kuma Sani Mu'azu ne sanye da babbar riga. Amma da wuya ka zauna kallo da mutane ba ka ji wani ya ce "wallahi wannan gwamnanmu ne" ba, kuma ɗan kowace jiha nasa gwamnan yake gani. Melanie Green da Timothy Brock sun nuna a 2000 cewa idan labari ya tafi da mutum, yakan rage neman kuskure a cikinsa, ya fi kuma amincewa da saƙon da ke ƙunshe. Jawabin ɗan siyasa kana jin sa ne da garkuwa a hannu. Labari kuwa ka ajiye garkuwar tun daga bakin ƙofa.

Masu tsara shirye-shirye sun san wannan sarai. Ita kanta Arewa24 an buɗe ta ne a 2014 ta hannun ƙungiyar Equal Access, da tallafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, a lokacin da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, da nufin samar wa matasa wani labari daban da na masu tsattsauran ra'ayi. Wannan bai rage wa Daɗin Kowa daɗi ba, amma ya kamata mai kallo ya san cewa tun farko an yi lissafi da shi.

Littafi shi ne mafi sirri a cikin ukun. Waƙa a fili ake jin ta, talabijin da iyali ake kallo, amma budurwa da littafinta su biyu ne kawai. Matar da ta karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ta ga yadda Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta bayan ya yi sabon aure, ba ta buƙatar wani ya yi mata lacca a kan haƙƙin mata. Ta san wata Rabi a unguwarsu, ko a ɗakin mahaifiyarta. Wannan keɓantuwa ce ta daɗe tana tsorata mahukunta. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata aka ƙone su a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Yau littattafan sun koma cikin waya, ana sakin su shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, mai karatu ta tura kuɗi ta banki a saka ta a zaure. Babu ashanar da za ta kai nan.

Inda hukuma ke shigowa

Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta ginu ne a kan fahimtar cewa abin da mutum ya ji ko ya gani yana shiga halinsa kai tsaye. A 2009 an kama Aminu Ala kan waƙarsa "Hasbunallahu". A 2019 an kama Naziru Sarkin Waƙa bisa zargin sakin waƙoƙin da ba a tace ba, magoya bayansa kuwa suka danganta kamun da takun-saƙar da ake yi tsakanin gwamnatin Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi II, wanda ya naɗa shi sarautar. A 2022 hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa ta hana sanya waƙar "Warr" ta Ado Gwanja, a 2025 kuma hukumar ta Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kawo su an tace ba.

Damuwar iyaye a kan tarbiyya gaskiya ce, ba abin yi wa dariya ba. Sai dai dokar da ta ba hukuma ikon hana waƙar batsa, ita ce dai ke ba ta ikon hana waƙar da ta taɓa gwamna, kuma wanda ke riƙe da hukumar gwamna ne ya naɗa shi. Ga shi kuma hanin kan zama talla. Da yawa ba su nemi "Hasbunallahu" ba sai da suka ji an kama mai ita.

Akwai wani gefen da masu sauraro suka fi jin zafinsa, wato ranar da mawaƙi ya sauya sheƙa. A 2015 "Masu Gudu Su Gudu" ta zama tamkar taken tafiyar Muhammadu Buhari a Arewa. Matasa da yawa da ita suka yi jerin gwano, da ita suka kwana a rumfar zaɓe suna gadin ƙuri'a. A watan Oktoba na 2023 Rarara ya kira taron manema labarai ya ɗora wa gwamnatin Buhari alhakin halin da ƙasa ta shiga. Martanin da ya biyo baya ya haɗa waɗanda ba su saba haɗuwa ba: masoyan Buhari suka kira shi butulu, waɗanda suka daɗe da dawowa daga rakiyar Buhari kuma suka tambaye shi ina yake tsawon shekara takwas. Shi waƙa sana'arsa ce, kamar yadda ta kasance sana'ar makaɗan fada da suka gabace shi. Su kuwa masu sauraron ƙuruciyarsu da burinsu suka zuba a cikinta.

Waƙoƙin 2015 ɗin suna nan a tsofaffin wayoyi. Idan ɗaya ta faɗo a majalisa bisa kuskure, za ka ga wani ya yi tsaki ya ce a kashe, wani ya yi shiru yana kallon ƙasa, amma da wuya a sami wanda ya manta amshin.