YADDA AKE KOYON ƊINKIN ZINARIYA A MASAƘAR RIGAR KA'ABA

Duk Alhajin da ya yi ɗawafi ya ga baƙar rigar da aka lulluɓe Ɗakin Ka'aba da ita, ya kuma ga rubutun zinariya yana ƙyalli a jikinta. Amma ba kowa ne ya san cewa wannan rubutu da hannu ake ɗinka shi ba, harafi bayan harafi, kamar dai yadda masu surfani na Sabon Badun da Agege suke duƙufa a kan babbar riga.

Shekaru aru-aru daga Masar ake kai rigar, wadda Larabawa ke kira Kiswa. A birnin Alƙahira akwai gida na musamman a unguwar Kurunfush inda gwanaye suka riƙa gadon sana'ar uba da ɗa. A shekarar 1927 Sarki Abdul'aziz ya sa aka buɗe masaƙa a Makka, aka ɗauko gwanaye daga Indiya don su yi aikin su kuma koya wa 'yan ƙasa. Daga baya Masar ta ci gaba da aikowa, har zuwa 1962 da aikin ya koma hannun Saudiyya baki ɗaya. A 1977 aka buɗe sabuwar masaƙa a Ummul Jud, kuma a can ake yi har yau.

ABIN DA RIGAR KE CI

Tsawon rigar mita 14 ne. Ɗamarar da ta kewaye ta daga sama tana da tsawon mita 47, faɗinta santimita 95, an kuwa raba ta gida 16. Rigar kan ci zaren zinariya kimanin kilo 120 da na azurfa kilo 100, ban da ɗaruruwan kilo na siliki. Ma'aikata wajen 200 ne ke kai, su shafe watanni kafin su gama guda. A da ran Arfa ake sauya ta, amma tun 2022 an mai da sauyin ran 1 ga Muharram.

Zaren nan ba auduga ba ne, ba kuma siliki ba. Waya ce siririya ta azurfa wadda aka shafe da ruwan zinariya. Wannan shi ne darasi na farko ga mai koyo: waya ba ta shiga yadi ta fito kamar zare, in an matsa mata sai ta karye ko ta yaga yadin. Saboda haka kwantar da ita ake yi a bisa yadin, a bi ta da allura da wani zare mai ƙarfi ana ɗaure ta daga ƙasa.

MATAKI BAYAN MATAKI

Da farko akan miƙe yadin a kan katako, a ɗaure shi tamau kamar fatar ganga, don in ya yi sako-sako aikin zai tattare. Sa'an nan a buga zanen rubutun a kai. Daga nan sai a bi kowane harafi da zaren auduga, ana jibga shi bisa juna har ya yi tudu. Wannan ciko shi ke sa harafi ya taso a gan shi daga nesa. Bayan haka ne mai ɗinki zai ɗauko wayar zinariya ya riƙa ƙetara tudun da ita, hagu da dama, kowane layi manne da ɗan'uwansa yadda ba za a hango audugar ba. Hannu ɗaya yana sama yana riƙe da waya, ɗayan yana ƙasa yana mai do da allura.

Gwanayen wannan ɗinki, a Makka ne ko a Indiya, sun haɗu a kan abu guda: ba a fara wa ɗan koyo da zinariya. Sai ya iya miƙe yadi, ya iya ciko, hannunsa ya san iyakar jan da waya za ta ɗauka. Dalili kuwa shi ne zaren auduga in an yi kuskure a kwance shi a sake, amma wayar da ta lanƙwashe ta lalace ke nan, an yi asarar kuɗi. Har gumin hannu ma yakan dusashe ƙyallinta, don haka ake son hannu busasshe mai tsabta.

ABIN LURA GA MASU SURFANI

Darasin da ke cikin labarin Masar da Makka a fili yake. Da aikin ya bar Alƙahira, sai gwanayen can suka yi ta raguwa, domin ba ɗan da zai zauna koyon sana'ar da ba mai saye. Makka kuwa ta ɗauko malamai, ta zaunar da yara a gabansu, shi ya sa sana'ar ta yi saiwa.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi. Mai surfanin da ya iya fitar da aska takwas ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata, watau haƙuri da kaifin ido. Alkyabbar sarakuna da kayan dawakin hawan Salla har yau suna neman mai iya kwantar da zaren zinariya, amma ɗinkin keke ya cika kasuwannin Ikko da Badun, yara kuwa sun fi son aikin da za a biya su kafin magariba. Duk gwanin da ya mutu bai zaunar da yaro ko ɗaya kusa da shi ba, da iliminsa za a rufe shi. Iyaye da sarakunan Hausawa na Sabo da Zango su ne ke da ikon haɗa yaro da maigida tun gwanayen suna da sauran gani.