Keken Hawan Dutse a Gwandu da Kalgo: Ina Ƙarfin Mahayi Yake Tafiya?

Duk wanda ya sauka daga kwalta da keke a Gwandu ko Kalgo zai gamu da abubuwa uku: hawa, rairayi da burji. A kewayen Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, akwai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara ta lulluɓe, har masana ilimin duwatsu suka sa wa wannan shimfiɗar ƙasa sunan garin. A Kalgo kuwa, kudu da Birnin Kebbi, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, hanyoyin gona suna gangarawa fadama ta cikin rairayi.

Shekaru da dama Raleigh da Phoenix ne ke bin irin waɗannan hanyoyi. Yanzu kekunan gwanjo masu giya da faffaɗar taya, waɗanda aka ƙera don hawan dutse, sun shigo kasuwa. Wasu sun saya sun ji daɗi, wasu kuma sun ƙare da ciwon gwiwa ko faɗuwa a gangara. Bambancin yana cikin lissafi ne mai sauƙi.

Ƙarfin ɗan Adam kaɗan ne

Mutum mai lafiya wanda ba ɗan tsere ba yana iya ba da wat 100 zuwa 150 na tsawon awa ɗaya, wato kusan abin da fankar sama biyu ke sha. Wannan shi ne jarinsa gaba ɗaya. Keke ba ya ƙara masa ko wat ɗaya, sai dai ya rage asara.

A ɗauki mahayi mai kilo 65 a kan keke mai kilo 15, yana hawa tudun da ke ɗagawa mita 8 a kowace mita 100. Idan yana tafiyar kilomita 8 a awa, ɗaga nauyin kaɗai yana cin wat 140. Idan aka ɗaura buhu mai kilo 50 a kariya, abin ya kai wat 226, ya fi ƙarfin yawancin mutane. Da wat 140 ɗin nan nasa, dole ya koma kilomita 5 a awa, tafiyar mai ƙafa ke nan.

Ga kuma zafi. Tsoka tana mayar da kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai na ƙarfin abinci zuwa aiki, sauran ya zama zafi a jiki. Mai ba da wat 140 yana fitar da zafin da ya haura wat 400. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kebbi kan wuce digiri 40, gumi ne kaɗai ke sanyaya shi, kuma yana iya zubar da lita guda a awa. Gorar ruwa tana cikin kayan keke kamar famfo.

Giya: taimakon gwiwa

Tsohon keke mai giya ɗaya yakan zo da haƙora 44 a faifan gaba da 18 a firiwil na baya, da taya mai inci 28. Duk juyin feda ɗaya yana tura shi kusan mita 5.4. A kan kwalta wannan daidai ne. A kan tudu, da gudun kilomita 8 a awa, ƙafa za ta juya sau 25 kacal a minti, kowane taku da nauyin jiki duka. Da buhu a baya sai ya koma sau 15. A nan ne ake ganin mahayi ya sauka yana turawa.

Keken hawan dutse yana iya sauka zuwa haƙora 22 a gaba da 32 a baya, inda juyi ɗaya ke ba da mita 1.4 kawai. Aikin hawa tudun bai ragu ba, an dai raba shi ƙanana-ƙanana. Ƙafa tana juyawa sau 70 zuwa 90 a minti da taku marar nauyi, matsin da ke tsakanin ƙoƙon gwiwa da ƙashin cinya ya ragu. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin keken a giya mai nauyi, ko canza giya bayan an riga an maƙale a tsakiyar tudu, abin da ke tsinka sarƙa. Tun daga gindin tudu ake saukar da giya.

Tsayin sirdi ma yana da nasa. Idan ya yi ƙasa, gwiwa tana takawa a lanƙwashe, ƙarfi ya ragu, ciwo ya biyo baya. Gwaji mai sauƙi shi ne a zauna a sirdi, a ɗora diddige a feda tana can ƙasa. Idan ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsayin ya yi.

Taya: iska mai yawa ba gudu ba ce

An saba cewa mai faci ya cika taya har ta yi tauri kamar dutse. A kwalta akwai hujja. A rairayin Kalgo kuwa, siririyar taya mai tauri tana nutsewa, kuma kullum tana ƙoƙarin fita daga ramin da ita kanta ta haƙa. Faɗin wurin da taya ke taɓa ƙasa ya dogara ne da nauyi da kuma iskar da ke ciki: idan aka rage iska da rabi, wurin yana kusan ninkawa. Shi ya sa tayar hawan dutse mai faɗin inci 2 ko fiye, da iska PSI 25 zuwa 35, take bi ta kan rairayin da ke tsayar da Phoenix.

A kan burji ma haka ne. Taya mai tauri tana tsalle a kan kowace tsakuwa, kuma duk tsalle ƙarfin mahayi ne ke ɗaga keken sama a banza. Mai ɗan laushi tana haɗiye tsakuwar ta wuce. Amma idan iska ta yi kaɗan ƙwarai, dutse zai matse tub a jikin rim ya huda shi wuri biyu kamar saran maciji. Mai ɗaukar kaya sai ya ƙara wa tayar baya iska. Ƙayar tsidau da ta aduwa kuwa ba ruwansu da lissafi, sai tub mai kauri ko ruwan toshe huji da ake zubawa a ciki.

Birki da gangara

Matsalar birki ce ma ta sa wa tseren da ya haifi wannan keke suna. A 1976, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, wasu matasa, ciki har da Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze, suka fara tseren gangaro wani tudu mai saukar kusan mita 400 da tsofaffin kekuna. Birkin cikin tayar baya yakan yi zafi har giris ya ƙone, sai an sake cusa sabo, shi ya sa suka kira tseren Repack. Breeze ya ƙera keke na musamman don irin wannan hanya a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, wasan kuma ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996.

Tuddan Gwandu ba su kai wancan ba, amma dokar ɗaya ce. Idan gudu ya ninka, nisan tsayawa yana ninkawa sau huɗu. Da an kama birki, nauyi yana komawa tayar gaba, ta baya ta yi sauƙi. Saboda haka birkin gaba ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, shi ne kuma ke jefa mutum ta kan keke idan aka damƙe shi farat ɗaya. Da yawa sukan bar shi a lalace saboda tsoro, su dogara da na baya, wanda a kan tsakuwa sai dai ya ja taya ta zame.

Masu hawan dutse suna tashi daga sirdi a gangara, su daidaita fedodi biyu, su ja ƙugu baya, su matsa birki biyu a hankali. Gudu kuma kafin kwana ake rage shi, domin riƙon da taya ke yi wa ƙasa ba ya isa a raba shi tsakanin birki da juyawa a kan burji.

Shokazoba mafi kyau tana jikin mahayi

Shokazobar gaba ta irin waɗannan kekuna takan nutse milimita 80 zuwa 120. Gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe suna ba da fiye da haka, kyauta. Kekuna masu araha da ke da sifirin a tsakiya galibi ba su da abin da ke kashe lilon sifirin ɗin, don haka duk taku keken yana sama da ƙasa, yana cinye wat ɗin da ya kamata ya tafi taya, ga nauyi, ga rashin wurin ɗaura kariya mai ƙarfi.

Ga ɗalibi a Kalgo ko manomi a Gwandu, keke mai sandararren baya ya fi riba. Kafin a biya kuɗi, a ɗaga shi a ji nauyinsa, a tabbatar sarƙa tana sauka har giya mafi sauƙi, a duba firam ko akwai tsaga kusa da wuya, a gwada birki biyu ɗaya bayan ɗaya. Sannan a tambayi mai gyara na unguwa ko yana samun taya da tub na wannan girman, domin inci 26 ya fi sauƙin samu a kan 27.5 da 29. Ragowar kuɗin kuma a sayi hular kwano, saboda marmara ba ta da laushi.