Shin Ko Kun San? Ƙartin Jiya da Abin da Duka Ya Bar Musu

Shin ko kun san cewa mutumin da ya kafa daular Kabi da ƙwanji aka fara saninsa, tun kafin ya riƙe takobi? Labaran baka na ƙasarmu sun ce Muhammadu Kanta ya tashi yana kiwo, kuma a fagen kokawa da dambe ya fara yin suna, yana kayar da sa'o'insa har da waɗanda suka girme shi. Sai wajen shekarar 1516 ya juya wa Askiya Muhammadu na Songhai baya, ya kafa birnin Surame, wanda kufan ganuwarsa ta duwatsu ke nan har gobe. Don haka idan yaron Ambursa ya ɗaura walki bayan an kai gero rumbu, gadon gida ne ya ɗauka.

Shin ko kun san bikin Argungu da muke gani yau ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi? Baƙo ya fi sanin homa da gora da tururuwar da ake yi cikin Matan Fada, da kifi mai kilo 78 da aka kama a 2020. Mu da muka tashi a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu mun san akwai taron da ke cika da yamma, inda ganga da kalangu ke kiran maza. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ake tattali a 2016, kuma kokawa da dambe suna cikin abin da ake yi a wurin.

Ku tsallaka iyaka ta Kamba ko ta Kangiwa. Shin ko kun san a Nijar kokawa ce sarkin wasanni, har ta sha gaban ƙwallo? A 1975, zamanin Seyni Kunce, aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, kuma wanda ya fara ɗaga takobin shi ne Yakuba Ango na Maraɗi, wanda duniya ta sani da Kantu. Yau jihohi takwas ke zuwa, kowace da ƙarti goma, mutum tamanin ke nan a kan takobi ɗaya. Wanda ya fi kowa yawan ɗaukarsa shi ne Isaka Isaka na Dosso, maƙwabcinmu na kusa. Abin da ya fi burge ni da Nijar shi ne yadda suka sa wa filayen kokawarsu sunayen mazan jiya: na Maraɗi Kantu, na Dosso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa. Yaro ya tambayi ubansa wane ne mai wannan suna, uban ya zauna ya ba shi labari. Mu kuma a nan, in ba waƙa ta riƙe mutum ba, shi ke nan ya tafi.

Waƙar ce ta riƙe mana Shago. Shin ko kun san yawancin masu ambaton marigayi Shago yau ba su taɓa ganin damben da ya yi ba? Daga bakin marigayi Ɗan Anace suka san shi, shi da Ɗan Dunawa da sauran mazan wancan lokaci, a kaset da rediyo. Yau ku shiga kowane gidan dambe, za ku ji Shagon wane, Bahagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, ana sa zare tsakanin Kudu da Arewa da Guramada. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, wanda aka bari a buɗe shi ne garkuwa, kuma turmi uku ake yi. Da can damben rundawa ne, mahauta masu bin kasuwanni da bukukuwan kaka, kuma a wasu wurare har akayau na ƙarfe ake ɗaurawa kafin a hana shi. Idan mutum ya kai ƙasa, ba mu ce an kayar da shi ba. Cewa muke an kashe shi. Wannan kalma tana tsaya mini a rai tun da na girma.

Dalili kuwa shi ne wani dattijo da na sani ina yaro. Iyayenmu sun ce a zamaninsa in ya shiga fage da yatsa ake nuna shi. Ni dai ban riske shi a haka ba. Na riske shi yana zaune a gindin darbejiya, hannu na rawa, magana na sarƙewa, yana tambayarka sunan mahaifinka sau uku a zama ɗaya. Yau ya yi fara'a, gobe ya tashi da faɗa ba gaira ba dalili. Wasu suka ce sammu ne abokan karawa suka yi masa, wasu suka ce layun da ya ɗaura ne suka juyo kansa. Mu yara Baba muke ce masa, muna zuba masa ruwa a buta. Allah ne masanin abin da ya same shi, amma shekaru da yawa bayan rasuwarsa na karanta labarin wani Ba'amurke, na ga kamar hoton Baban ne aka ɗauka.

Shin ko kun san a Amurka akwai ƙwallon da suke kira ta ƙafa, alhali da hannu ake ɗaukarta a ruga? Kowane ɓangare mutum 11 ne. A cikin masu kai hari akwai ƙarti biyar da ke durƙusawa a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa: ɗaya a tsakiya, biyu a gefensa, biyu a bakin sahu. Aikinsu su tare abokan gaba da ƙirji da kai, su tsaga hanya don mai gudu ya wuce, su zama katanga don mai jifa ya samu sukunin jifa. Doka ma ta hana su cafe ƙwallon da aka jefo gaba. Mutum sai ya yi shekara goma sha yana wannan aiki bai ci ko sau ɗaya ba, kuma mai sharhi ba ya kiran sunansa sai ya yi laifi. Na yanzu sukan kai kilo 140, kusan buhu uku na shinkafar da muke nomawa a fadamar Rima.

Wasan ma da jini ya fara. A 1905 kaɗai 'yan wasa kusan 18 suka mutu, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa ya ce a gyara. A 1906 aka halatta jifan ƙwallo gaba don a rage cunkoso. An kafa gasar NFL a 1920, kuma sai 1943 aka wajabta hular kariya, wadda a lokacin ta fata ce, kamar dai wadda dukawanmu za su iya ɗinkawa.

Shin ko kun san Mike Webster? An haife shi a 1952 a jihar Wisconsin, ɗan manoma ne. Shi ne na tsakiyar sahu a ƙungiyar Pittsburgh Steelers daga 1974 zuwa 1988, ya ci kofin Super Bowl sau huɗu da su, ya ƙara shekara biyu a Kansas City Chiefs. Wasa 245 ya buga. Kirarinsa Mike na ƙarfe, don ko ƙanƙara na zuba da damatsa a waje yake fita, kuma da wuya ya yi fashin wasa saboda ciwo. Duk lokacin da aka fara wasa shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, kafin ya ɗago kai an riga an gwara masa. A zamaninsa, wanda ya ce kansa na juyawa rago ake ɗaukarsa. A shaƙa masa abu mai ƙarfi a hanci, ya koma fili. Wa ya taɓa zuwa gidan dambe bai ga irin wannan ba? A watsa wa mutum ruwa, a yi masa fifita, makaɗi ya zuga shi, ya miƙe yana tangaɗi.

Ga inda labarin ya fara biyowa ta gida. Shin ko kun san a 1989 ɗan Najeriya ne ya fi kowa gudu da ƙwallo a duk gasar NFL? Christian Okoye ne, mutumin Inugu, wanda bai fara wasan ba sai da ya je karatu Amurka. Yadi 1,480 ya ci a shekarar. Ƙungiyarsa Kansas City Chiefs, kuma wanda ke tsakiyar sahun da ke buɗa masa hanya shi ne Webster, yana ɗan shekara 37. Okoye ya samu kambu da hotuna a jaridu, kuma ya cancanta. Amma kowane taku da ya yi, akwai kan da ya sha gwara kafin ƙofar ta buɗe.

Bayan Webster ya ajiye wasa sai abubuwa suka rikice. Mantuwa, fushi, rashin barci, ciwon da ba ya jin magani. Dukiya ta watse, aure ya mutu, ya koma kwana a cikin motarsa da tashoshin jirgin ƙasa. A 1997 aka sa shi cikin zauren gwarzayen wasan, ana tafa masa, alhali a lokacin ya riga ya yi nisa a cikin ciwo. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2002, yana da shekara 50. Aka ce zuciya ce.

Shin ko kun san likitan da aka kai wa gawar ɗan Najeriya ne? Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra a 1968, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya tafi Amurka a 1994, yana aikin binciken gawa a birnin Pittsburgh. Ko dokokin wasan bai sani ba. Da ya duba ƙwaƙwalwar da ido lafiya lau take, amma labarin yadda mutumin ya ƙare bai bar shi ya rufe takarda ba. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka yanka ta siri-siri aka rina, ya duba a madubin likita, ya tarar da wani furotin mai suna tau ya taru ya shaƙe ƙwayoyin ƙwaƙwalwar, irin abin da ba a zata ga ɗan shekara 50 ba. A 2005 ya buga sakamakon a mujallar Neurosurgery, ya kira ciwon da sunan da ake taƙaitawa CTE. Likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye rubutun. Ba a janye ba. A 2013 hukumar NFL ta amince ta biya dala miliyan 765 ga tsofaffin 'yan wasa fiye da 4,500 da suka kai ta ƙara, a 2015 aka yi fim ɗin Concussion inda Will Smith ya fito a matsayin Omalu, a 2016 kuma wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisar Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da ciwon.

A 2017 masana a Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111 da suka rasu, suka sami ciwon a 110. Iyalan da suka riga suka ga alamu ne suka bayar da su, don haka adadin ba ya nufin kowane ɗan wasa na ɗauke da shi. Amma 44 daga cikinsu mutanen sahun gaba ne, na masu kai hari da na masu tare su, kuma babu rukunin da ya kai su yawa.

Kuma tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya bayyana irin wannan a jikin 'yan damben Turawa, masu tafiya kamar sun sha giya alhali duka ne.

Shin ko kun san hular kariya ba ta hana wannan ciwo? Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a cikin ƙoƙon kai, kamar curin fura a ƙwarya. Ka lulluɓe ƙwaryar da duk abin da kake so, in ka girgiza ta curin zai bugi gefe. Kuma ba sai dukan da ya sumar ba: ƙananan da ake sha kullum, shekara da shekaru, su ne ke taruwa. Har yanzu ba a iya tabbatar da ciwon sai bayan mutuwa. A nan kokawarmu ta fi sauƙi, tunda kaye ake nema ba naushi ba, ko da yake wanda aka ɗaga aka buga da ka shi ma yana cikin haɗari.

Ni ba na cikin masu cewa a bar dambe. Ina son kalangu, ina son in ga yaro ya fito yana kirari ƙura na tashi. Abin da nake roƙon sarakunan dambe da masu gidajen wasa da iyayen gidan yara shi ne kaɗan. A damben zamani, a ƙasashe da yawa, wanda aka sumar ba ya komawa fage sai ya huta aƙalla wata guda, kuma likita na zaune a bakin fili. Mu kuwa sai a kashe yaro ranar Juma'a a wannan gari, Lahadi ya sa zare a wani, saboda akwai babur a kan layi. Wanda ya sha duka a ka, ya fara amai, ko jiri, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko ya kasa tuna abin da ya faru, asibiti ne wurinsa a daren, ba ɗakin maigida ba. Daga Ambursa zuwa Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce. Kuma cikin kuɗin ƙofa da liƙin da ake yi wa makaɗa, a ware wani abu don tsofaffin da suka riƙe fagen kafin a haifi na yanzu.

Baban da na faɗa muku, akwai abu ɗaya da bai taɓa mantawa ba. In aka yi biki a unguwa kalangu ya tashi, sai ka ga ya daina rawar hannu, ya dunƙule na dama ya ja shi baya, ya miƙa na hagu gaba da tafi a buɗe, yana zaune a kan tabarmarsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mazan jiya.