Noman yalo: Tun daga gadon reno ake neman manyan 'ya'ya

Duk wanda ya taɓa leƙa kasuwar 'Yankaba a Kano da sassafe ya san yadda cinikin yalo yake. Kwandon da 'ya'yansa suka yi ɓul-ɓul, fatarsu na sheƙi, shi ake fara tayawa. Mai ƙanana kuwa sai rana ta take, a sallama shi yadda ta kaya. Wataƙila ma gonakin manoman biyu suna maƙwabtaka. Bambancin ya faro ne watanni uku baya, a ɗan gadon da bai wuce faɗin tabarma ba.

Matsalar farko iri ce. Manoma da yawa sukan kai manyan 'ya'ya kasuwa, sai kaka ta zo ƙarshe su tsinci ragowar su cire iri. A ganina babu asarar da ta kai wannan, domin abin da ka ajiye shi za ka girba. Kamata ya yi tun tsinkar farko a ware shuka mafi lafiya, a bar mata ɗa ɗaya ko biyu su nuna sosai: yalonmu na gida sai ya yi ja, mai launin shunayya kuma sai ya koma ruwan ɗorawa. A farfasa, a wanke cikin ruwa, a zubar da ƙwayoyin da suka taso sama, a shanya waɗanda suka nutse a inuwa. Irin kamfani mai alamar F1 kuwa ba a ajiye 'ya'yansa, don ba sa gado iyayen.

Sannan kowane iri da iyakarsa. Gauta ba zai zama yalon bello ba komai takin da ya sha. Mai neman ɗan da zai kai rabin kilo sai ya nemi mai shunayya, ɗan asalin Asiya, kamar Black Beauty.

Yalo ɗan zafi ne. Ƙwayarsa ta fi son ƙasa mai ɗumin digiri 24 zuwa 30, kuma takan tsiro cikin kwana 7 zuwa 14. Nan masu noman rani irin na Kadawa da Kura suke haɗuwa da cikas, don wanda ya zuba iri a tsakiyar hunturu zai daɗe yana jira, tsiron ya fito jefi-jefi. Gara a yi renon kafin sanyi ya kankama. A haɗa ƙasa mai laushi da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a ja layuka, a zuba irin a zurfin da bai wuce santimita 1 ba, a rufe da busasshiyar ciyawa. Da tsiro ya leƙo a ɗauke ciyawar, in ba haka ba ya yi tsawo ya langaɓe. Inda suka cunkushe a rage su. Tausayin tsiro a nan ba riba. Ruwa kuma yayyafi, safe ya fi, domin gadon da ya jiƙe jagab yakan ruɓar da ƙarar tsiron daga tushe.

Bayan mako 5 zuwa 6, idan ya yi ganye huɗu zuwa shida, ya isa dashe. Mako guda kafin nan a rage masa ruwa da inuwa don ya yi ƙwari. A dasa da yamma, da ƙasarsa a jikin saiwa, a bar tazarar santimita 60 tsakanin shuka da shuka, 90 tsakanin kunya da kunya. Kada a dasa inda aka tashi tumatir, barkono ko dankalin turawa; danginsu ɗaya, cututtukansu ma ɗaya.

Abin da ya fi yi wa manomi wuya shi ne cire 'ya'ya da hannunsa. Amma mai shunayya idan aka bar masa biyar ko shida a lokaci guda, aka tsinke sauran tun suna ƙanana, waɗanda suka rage sun fi girma. Yawan yuriya ganye yake tarawa. NPK 15-15-15 da takin gargajiya sun fi. Ƙishirwa lokacin fure kan zubar da shi. Reshen da aka ga kansa ya yi yaushi, galibi tsutsa ce a ciki, a yanke shi a ƙone.

Wata biyu zuwa uku bayan dashe ake fara tsinka. A yanka da wuƙa tare da ɗan hannunsa tun fatar na sheƙi, domin da ta dushe ƙwayoyin ciki sun yi tauri, ɗaci ya shiga, dillali kuma da ido yake ganewa.